Muhawara: Ta ina ake fara rage ƙirgen bogi da hayaniya a bolomita mai neman rushewar beta biyu?

Ɗalibar_Fiziks:
Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya shige min duhu game da gwajin CUORE da ke Gran Sasso a Italiya, wanda ke aiki da bolomita, wato kiristal mai tsananin sanyi da ke auna kuzarin ƙwaya ta ɗan ɗumin da ta bari a jikinsa. An binne shi ƙarƙashin dutse mai kaurin kusan mita 1400, an kewaye shi da dalma, an sanyaya shi zuwa wajen milikelbin 10, amma duk da haka ana samun ƙirge a daidai inda ake jiran rushewar beta biyu marar niyutirino (inda ƙwayar zarra ke sakin lantarki biyu a lokaci guda ba tare da niyutirino ba). Me ya hana a ƙara kaurin dalmar kawai a huta?

Malam_Kiristal:
Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa maganar dalma, mu raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko ƙirgen bogi: ƙwaya ce ta gaske, alfa ko gamma ko miyuwon (mai zuwa daga sararin samaniya), ta zuba kuzarinta a cikin kiristal har ya yi daidai da na rushewar da ake nema. Na biyu hayaniya: babu ƙwayar da ta shigo, layin sigina ne ke rawa saboda jijjiga ko lantarki. Hayaniya ba ta ƙirƙiro ƙirge a keV 2527 (keV ma'aunin kuzari ne, 2527 kuma kuzarin rushewar Te-130 da ake nema), amma tana faɗaɗa ƙololuwa, tagar kuzarin da ake ƙirge a cikinta ta ƙara faɗi, bogi ya ƙara samun wurin shiga.

Ga lissafin. CUORE na da kiristal 988 na TeO₂, kowanne santimita 5 ta kowane ɓangare, giram 750, jimilla kilo 742. Ƙirgen boginsa kusan 0.015 ne a kowane keV, kowane kilo, kowace shekara, faɗin ƙololuwa kuma keV 7 zuwa 8. Ki ninka ukun, za ki samu bogi sama da 80 a shekara a cikin tagar. Muddin akwai bogi, ƙarfin ganin gwaji yana ƙaruwa ne da tushen murabba'in nauyi da lokaci: sai kin ninka kilo sau huɗu kafin ki ninka gani sau biyu. In aka kawar da bogin kusan gaba ɗaya, gani zai riƙa tafiya kai tsaye da nauyi da lokaci.

Mai_Garkuwa:
Dalmar ma tana nan, ba kaɗan ba. Daga waje akwai foliyetilin mai kaurin santimita 18 da ke rage gudun niyutiron, sai hodar asid ɗin boron santimita 2 da ke haɗiye su, sai dalma santimita 25. A cikin tukunyar sanyin akwai wata dalmar santimita 30 a saman hasumiyoyin da aka jera kiristal a cikinsu, tana tare gamma daga kayan firjin kansa. Ta gefe da ƙasa kuwa, mai kaurin santimita 6, dalmar Rumawa ce da aka tsamo daga jirgin ruwan da ya nutse kusa da Sardiniya sama da shekara 2000 da suka wuce. Dalili shi ne sabuwar dalma na ɗauke da Pb-210, mai rabin rai (lokacin da rabinsa ke rushewa) shekara 22. Wadda ta kwana ƙarni ashirin a teku ta riga ta huce.

Dutsen kuma aikinsa miyuwon ne, ya rage su kusan sau miliyan, saura kimanin ɗaya a awa a kowane murabba'in mita.

Malama_Alfa:
Duk gaskiya ne Malam, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko an ninka dalmar sau goma, lambar nan ta 0.015 da ƙyar za ta motsa, domin kusan kashi 90 cikin 100 na bogin daga cikin garkuwar yake fitowa, daga fatar jan ƙarfen da ke riƙe da kiristal ɗin yana kallonsa.

Ɗauki Po-210. Alfansa na fita da keV 5304, nesa da tagar, don haka a ido bai kamata ya dame mu ba. To amma alfa mai wannan kuzari bai wuce tafiyar kusan mikromita 10 a cikin jan ƙarfe. In ƙwayar foloniyam ta nutse 'yan mikromita a cikin fatar ƙarfen, alfan zai bar rabin kuzarinsa a can, ya iso kiristal da ragowar. Ragowar na iya zama kowace lamba daga sifili zuwa 5304, har da 2527. Jan ƙarfe ba shi da ma'aunin zafi a jikinsa, abin da ya haɗiye ya tafi ke nan. Bolomita na TeO₂ kuwa zafi kawai yake ji, bai san alfa ne ko beta ba.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A dubi jadawalin kuzari tsakanin keV 2700 da 3100, sama da layin Tl-208 na 2615, inda gamma ta halitta ta kusan ƙarewa. Abin da ya shimfiɗu a nan alfa ne da ya raunana, kuma tsayin shimfiɗar kusan shi ne abin da ke ƙarƙashin tagar.

Ɗalibar_Fiziks:
Na gode Malama. Amma ta yaya ake sanin dattin a jikin jan ƙarfe yake, ba a cikin kiristal ɗin ba?

Malama_Alfa:
Wurin da ƙololuwar ta tsaya ne ke tona asiri. In Po-210 na can tsakiyar kiristal, ana kama alfan da kuma turin da ƙwayar da ta rage ta yi baya, jimilla keV 5407. In daga fatar wani abu ne a waje, alfan kaɗai ke isowa, sai a ga 5304 da jela tana gangarowa ƙasa. Tsawon jelar na nuna zurfin dattin. In kuma a fatar kiristal ne, kuma maƙwabcinsa ya kama sauran, za a ga bugu biyu a lokaci guda da in an haɗa su suka ba da 5407. Wannan ana soke shi cikin sauƙi, tunda kusan kashi 88 cikin 100 na rushewar da ake nema a cikin kiristal ɗaya take ƙarewa.

Sai a sa ido a kan lokaci. In ƙololuwar na raguwa da rabi duk kwana 138, foloniyam ne shi kaɗai, haƙuri zai magance shi. In ta tsaya cak wata da watanni, Pb-210 ne ke ciyar da ita daga baya, kuma wannan sai an kwance an sake wankewa.

Injiniyan_Sanyi:
Bari in ƙara kan wankin, don a nan ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata. Mutum zai tsoma jan ƙarfe a asid, ya fito yana sheƙi, ya ɗauka ya gama. Asid na cire Pb-210 da Bi-210, amma foloniyam da ya narke yakan koma ya sake mannewa a sabuwar fatar ƙarfen a cikin ruwan wankin. Gogewa ta lantarki ce ke fitar da shi sosai. CUORE matakai huɗu suka bi a Legnaro ta Italiya: gurzawa a cikin ganga mai juyawa, gogewar lantarki, wankin asid, sannan sharewa da filasma a wurin da aka zuƙe iska. Sakamakon a bayyane yake: a Cuoricino, magabacin CUORE wanda ya yi aiki daga 2003 zuwa 2008, shimfiɗar alfa ta kai kusan 0.11, a CUORE-0, gwajin da ya biyo bayansa da sabon wankin, ta sauko zuwa kusan 0.016.

Bayan wanki kuma abokin gaba shi ne iskar ɗaki. Radon-222 na da rabin rai kwana 3.8 kacal, amma 'ya'yansa na fitowa da caji, suna mannewa a duk abin da ke tara cajin tsaye, musamman tefulon ɗin da ke danne kusurwoyin kiristal. Kowace rushewar alfa na ƙara cusa ƙwayar gomman nanomita cikin fata, ta ƙare a matsayin Pb-210. Goge shi da ƙyalle ba ya fitarwa. Shi ya sa ake harhaɗa hasumiya a cikin akwatin safar hannu mai naitirojin, a ajiye ta cikin naitirojin, sannan a ɗora ta a tukunyar sanyi cikin iskar da aka tace radon daga cikinta.

Mai_Garkuwa:
Na yarda da ku kan alfa, sai dai kada a raina gamma a Te-130. Kuzarin rushewarsa na 2527 yana tsakanin gefen Kwamfton (iyakar kuzarin da gamma ke bari in ta watse sau ɗaya) na Tl-208 a 2382 da cikakkiyar ƙololuwar a 2615. Kwari ne, amma ba busasshe ba: gamma da ta watse sau biyu ko uku kafin ta fice tana faɗawa ciki. Ga kuma Co-60, wanda gammansa biyu, 1173 da 1332, in suka haɗu a kiristal ɗaya suke ba da 2506, keV 21 kawai ƙasa da tagar. Hasken sararin samaniya ne ke haifar da shi a cikin jan ƙarfe muddin yana saman ƙasa, rabin ransa shekara 5.3. Don haka ake ƙirga kwanakin da kowane ƙarfe ya yi a waje, ake ajiye shi a ƙarƙashin ƙasa tsakanin aiki da aiki. Kiristal ɗin CUORE da aka yi a Shanghai ta jirgin ruwa aka kawo su, domin a tsayin da jirgin sama ke tashi niyutiron sun ninka na ƙasa sau ɗaruruwa.

Kuma kowane dunƙulen ƙarfe, waya, gam, har kusoshi, sai an auna su kafin su shiga: da na'urar jamaniyam mai auna gamma, ko da na'urar auna nauyin ƙwayoyi don yuraniyam da toriyam. Kusa ɗaya da ba a auna ba tana iya ɓata aikin shekara.

Mai_Lissafi:
Maganar 2506 ɗin nan ce ta dawo da mu kan hayaniya. Da faɗin keV 7, tazarar 21 ta wadatar. In faɗin ya kai 15, jelar kobalt ta shigo taga.

A tuna ƙanƙantar abin da ake aunawa. Ƙarfin riƙe zafi na kiristal yana bin zafi da aka ninka da kansa sau uku (T³), shi ya sa a milikelbin 10, MeV ɗaya (keV 1000) ke ɗaga zafin giram 750 da kusan kashi ɗaya cikin goma na milikelbin. Bugun na tashi cikin kusan kashi goma na daƙiƙa, ya ɗauki daƙiƙu kafin ya sauka. Ma'ana siginar duka tana zaune ƙasa da has 10 (Hz, wato maimaici 10 a daƙiƙa). Injin sanyaya mai bugun hiliyam kuma yana bugawa a has 1.4, da ninkinsa 2.8, 4.2, haka nan. Tsakiyar siginar ke nan. Ba za ka yanke wannan yanki da matacin lantarki ba tare da ka yanke siginar ba.

Injiniyan_Sanyi:
Haka ne. Kuma jijjiga ta ƙofa biyu take shiga, maganinsu daban. Ta farko zafi ce ta gaske: kiristal na gogar tefulon, gogayyar ta zama ɗumi. Ta biyu ta waya ce: ma'aunin zafin jamaniyam da ake kira NTD na da turjiya ta ɗaruruwan megawom, don haka waya in ta yi rawa kusa da ƙarfe sai ta zama kamar makirfo.

Gwajin raba su: a kashe wutar da ake ba NTD ɗin, a ɗauki jadawalin hayaniya, a kunna a sake ɗauka. Layin da ya ɓace da aka kashe wutar na zafi ne, domin ba tare da wuta ba canjin zafi ba ya zama bolt. Wanda ya tsaya yana nan na waya ne ko na amfilifaya. Sannan a tsayar da injin bugun na 'yan mintuna, sanyin da ya taru zai riƙe, a ga abin da ya ragu.

In na waya ne, a murɗa wayoyin biyu-biyu, a manne su a kowane matakin sanyi, kada a bar ko taƙi ɗaya yana lilo. In na zafi ne, sai a raba hasumiya da firji: a CUORE an rataye ta ne daga wani ƙarfe na daban da ke zaune kan na'urorin shanye jijjiga, ba daga farantin da injinan ke kai ba, kuma igiyar jan ƙarfe mai laushi ce ke kai sanyi daga kan injin zuwa faranti. Akwai wata dabara mai kyau. Injina huɗu ke aiki tare, in an bar kowanne da gudunsa, bugunsu na haɗuwa yana rabuwa, hayaniyar ta riƙa hawa da sauka. Sai aka kulle motocin bawul ɗinsu a gudu ɗaya, aka riƙa sauya tazarar bugun tsakaninsu har aka sami inda suke kashe juna.

Wani kuskuren shi ne gam. In aka shafa shi shimfiɗe ƙarƙashin NTD, bambancin tsukewa a sanyi na iya tsaga kiristal ko ya bar damuwa da ke sakin ƙananan bugu na bogi. Ɗigo tara ake yi, kauri kusan mikromita 50. Matse kiristal da ƙarfi ma haka: a farkon wani gwajin bolomita mai suna CRESST matsewa ta sa kiristal ɗin safaya tana yin ƙananan tsaga, kowace tsaga na fitowa kamar ƙwaya ta shigo. In kuma ya yi sako-sako, jijjiga ta samu wuri.

Mai_Lissafi:
Abin da ya rage bayan duk wannan, lissafi ne ke tace shi. Ana ɗaukar matsakaicin siffar bugu da matsakaicin jadawalin hayaniya na kowane kiristal, a gina rariyar da ke rage nauyin duk mitar da hayaniya ta fi sigina. Sharaɗinta hayaniyar ta zauna yadda aka aune ta. In ta canza ba a sake gina rariyar ba, faɗin ƙololuwa zai lalace ba tare da an ankara ba. Ana kuma kafa makirfo, ma'aunin jijjiga da ma'aunin girgizar ƙasa a jikin tukunyar, a koyi yadda kowanne ke shiga siginar, a cire rabonsa. Har igiyar ruwan Bahar Rum an ga tasirinta a CUORE, a mitar da ke ƙasa da has 1, ta cikin dutsen nan duka.

Kada a manta da ɗan hita na silikon da ke manne a kowane kiristal. Bayan 'yan mintuna yana zuba sanannen kuzari, da shi ake gyara yadda tsayin bugu ke canzawa in zafin tushe ya ɗan gusa. Ba tare da shi ba, gusawar mikrokelbin kaɗan ta isa ta shafe ƙololuwa.

Ɗalibar_Fiziks:
To in wanki ya kai iyakarsa a 0.015, ina mafita?

Malama_Alfa:
A daina ƙoƙarin hana alfa zuwa, a koyi gane shi. Wannan ne tushen CUPID, wanda zai gaji tukunyar CUORE. Za a sauya zuwa Li₂MoO₄, kiristal mai ƙyalli, a sa siririn faifan jamaniyam kusa da kowanne a matsayin bolomita na biyu mai kama haske. A kuzari iri ɗaya, hasken alfa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na hasken beta. In aka zana haske a kan zafi, sai su rabu layi biyu, a zubar da sama da kashi 99.9 na alfa. CUPID-0 da ZnSe a Gran Sasso da CUPID-Mo a Modane ta Faransa duk sun tabbatar da haka, AMoRE a Koriya ta Kudu ma hanyar take bi da wani irin ma'aunin zafi. Riba ta biyu, Mo-100 na rushewa a keV 3034, sama da 2615. Burin shi ne 0.0001, wato da kilo 450 da faɗin keV 5, bogi ɗaya a kusan shekara huɗu da rabi.

Malam_Kiristal:
Ina da ja kaɗan, Malama. Te-130 kashi 34 ne na teluriyam tun daga halitta, Mo-100 bai kai kashi 10 ba, sai an tace shi zuwa sama da 95, aiki mai wuya. TeO₂ ma yana ba da hasken Cerenkof in lantarki ya ratsa shi, alfa kuwa ba ya bayarwa ko kaɗan a wannan kuzari. Me zai hana a tsaya a kansa?

Malama_Alfa:
Allah ya ƙara basira Malam, an gwada kuma yana aiki. Matsalar ita ce hasken da ake kamawa wajen eV 100 ne kacal a tagar, sai mai kama haske ya sauko da hayaniyarsa zuwa kusan eV 20 kafin a raba su da kyau. Ko an yi nasara, 2527 na nan ƙarƙashin 2615, gammar toriyam daga tukunyar za ta zama sabon bango tun kafin a kai 0.0001.

Mai_Lissafi:
Sai dai molibdinam ma an gudu ne ba a tsira ba. Rushewarsa mai niyutirino biyu tana da rabin rai shekara 7.1 × 10¹⁸, mai sauri ƙwarai a wannan fanni. Kiristal na giram 280 na da ƙwayoyin Mo-100 kusan 9 × 10²³, wato rushewa ɗaya duk minti shida. Wani lokaci biyu kan faɗo kusa da juna har na'ura ta ɗauke su ɗaya, misali 1400 da 1634, jimilla 3034. Dukansu beta ne, haskensu daidai, a cikin kiristal ɗaya. Babu wanki ko dalma da zai taɓa wannan, isotof ɗin da kake nema ne ke yi maka.

In na'ura ba ta iya raba bugu biyu da ke ƙasa da milisakan 1 tsakani, cunkoson nan kaɗai zai ba da kusan 0.0003, ninki uku na duk burin. Dole a sauko ƙasa da kashi biyu cikin goma na milisakan. Zafi ya yi jinkiri da yawa, don haka aikin ya koma kan mai kama haske, wanda ke tashi cikin kusan milisakan ɗaya. Iya raba bugu biyu kuma ya dogara ne da saurin tashi da kuma yadda sigina ta fi hayaniya. A nan hayaniya ta zama ƙirgen bogi kai tsaye.

Injiniyan_Sanyi:
Shi ya sa ake zana zobban aluminiyam a kan faifan jamaniyam a sa musu bolt gommai zuwa ɗari. Cajin da haske ya saki na tafiya cikin wannan filin yana haifar da ƙarin zafi, siginar ta ninka wajen sau goma. Abin da ke lalacewa: in hasken infirared ya sulalo daga wani mataki mai ɗumi, wuta za ta fara yoyo, faifan ya ɗumama, hayaniya ta haura. Caji kuma kan taru a fata ya rage ƙarfin filin a hankali, sai an sauke bolt ɗin an haska faifan da ɗan fitila kafin ya dawo daidai. Don haka a toshe duk ramin waya da ke garkuwar ciki, kuma a riƙa ɗaga bolt kaɗan-kaɗan ana kallon layin tushe.

Mai_Garkuwa:
A 0.0001 miyuwon ɗin nan ɗaya a awa ma ya shiga lissafi, dole a kewaye tukunyar da faranti masu ƙyalli da za su soke duk abin da ya zo tare da shi.

Ɗalibar_Fiziks:
Tambaya ta ƙarshe malamaina. In toriyam na cikin kiristal ɗin kansa fa? Tl-208 beta ne, haske ba zai raba shi ba.

Malam_Kiristal:
Kin kama wurin. Beta da gamma na Tl-208 in sun haɗu suna kaiwa kusan MeV 5, sun ratsa 3034. Amma yana da mai shela: kafin a haife shi sai Bi-212 ya saki alfa, jimillar keV 6207, sannan taliyam ya rushe da rabin rai minti 3. Don haka duk lokacin da aka ga wannan alfa, sai a rufe kiristal ɗin na minti 30, rabin rai goma, abin da zai tsallake bai wuce ɗaya cikin dubu ba.

Dabarar na aiki ne kawai in kiristal ɗin na da tsabta tun asali. Da Th-228 na mikrobekerel 10 a kilo, kiristal na giram 280 zai ga irin wannan alfa kusan sau ɗaya a kwana goma sha ɗaya, lokacin da aka yi asara bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba. In dattin ya kai milibekerel 1 a kilo, asarar ta doshi kashi ɗaya cikin biyar na lokacin aiki. In kuma bismut ɗin a fata yake, alfan na iya fita da rabin kuzari, don haka sai a faɗaɗa tagar shelar ta karɓi duk alfan da ke ƙasa da 6207, a biya da ƙarin lokacin rufewa. Wanda alfansa ya nutse gaba ɗaya cikin jan ƙarfe ba ya barin wata alama, kuma irin wannan ne BINGO a Modane da CROSS a Canfranc ta Sifaniya ke nema wa magani: na farko ta hanyar sa faifan haske ya tsaya tsakanin kiristal da ƙarfe, na biyu ta hanyar shafa siririn ƙarfe a fatar kiristal don bugun da ya faru a fata ya fito da siffa ta daban.